Jinjina ga Masu Horar da Samarin Kara-Kara

A Zinder, da an ambaci Kara-Kara sai a tuna da kutare, domin can aka keɓe su tun zamanin da. Fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna wa duniya samarin unguwar, 'yan ƙungiyoyin da ake kira palais, suna ɗaga ƙarfe. Ni kuwa wanda nake jinjina wa shi ne maigidan da ke tsaye a kansu.

Kayan aikinsa ba na kanti ba ne. Sandar ƙarfe ce da gwangwanin siminti a kowane gefe, ko tsofaffin ƙarafan mota. Yaro na kwance kan benci, hannu na rawa, sai maigida ya tallafi sandar da yatsu biyu: "Ƙara ɗaya, ƙanena, saki numfashi." Shi ke hana sabon shiga ɗora nauyi kafin gaɓɓai su yi ƙwari, ya miƙar masa da baya kada ƙugu ya samu matsala. Yana gane wanda ya zo bai karya kumallo ba, ya rage masa nauyi ba tare da ya kunyata shi gaban abokai ba. Wasu daga cikin yaran nan aikin gadi suke nema a cikin gari, don su taimaki iyayensu.