Kalmomin da muke haddacewa ba su ne masu wuya ba

Daga Agye har Gidan Rumji, in ka buɗe jakar ɗan kolej ko ɗan lise, da wuya ka rasa wani ɗan littafi na manyan kalmomin Ingilishi. Daga Najeriya ake shigo da irinsu. Kowane shafi jerin kalmomi ne, kowace da ma'anarta a gefe, ita ma da Ingilishi. Na ari guda wajen wani abokina a Gazawa, na yi sati biyu ina bin shi shafi shafi, kuma ga abin da na gani.

Littafin ba don mu aka rubuta shi ba. An yi shi ne don ɗalibin Najeriya mai shirin WAEC ko JAMB, wanda tun firamare da Ingilishi ake koyar da shi. Shi ƙananan kalmomi sun zame mishi ruwan sha, manyan ne ke ba shi tsoro. Mu kuwa da Faransanci muka taso a lakwal, sai a aji na sizyam muka fara haɗuwa da Ingilishi. To, dubi kalmomin da littafin ke kira masu wuya: obstinate, magnanimous, perseverance. Wane ɗan lise ne bai san obstiné da magnanime da persévérance ba? Dalilin wannan kama tsoho ne. A 1066 Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da shari'a, dubban kalmomi suka shiga Ingilishi. Ke nan rabin littafin abin da muka riga muka sani ne aka sake mishi riga.

Wahalarmu tana cikin ƙananan kalmomi. Get kaɗai tana iya zama samu, ko zama, ko isa wuri. Give up daban, give in daban. Put up with ba ta da alaƙa da ɗora kaya. Ko ɗaya ban gani ba cikin littafin. Bai kuma gargaɗe mu kan masu yaudara ba: library ɗakin karatu ne, alhali librairie kantin littattafai ne, actually ba actuellement ba ce. A nan yaro ke zubar da maki ran BEPC, ya fito yana cewa ai ya yi hadda.

Ban ce a ƙone shi ba. Yana da arha, yana shiga aljihu, ya kuma sa yara sha'awar kalma. Sai dai kalmar da aka haddace babu jimla, kamar iri ne da aka zuba kan fako.

Tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, Hausa kuma ta zama harshen ƙasa. Lokaci ya yi da za mu haɗa namu jerin. Mu ɗauki kaye guda, mu riƙa tara ƙananan kalmomin da suka kayar da mu a aji, kowace da jimlarta da fassararta ta Hausa. Ƙamus na Ingilishi da Hausa na Roxana Ma Newman, na 1990, zai taimaka in an same shi. Mushe ya duba mana, mu buga, mu raba wa ƙannenmu ƴan sizyam kafin hutu.