Faifan da ke Tsaron Madara: Bitar Littafin Dairy Processing Handbook

Duk wanda ya taɓa sayen nono a hannun Bafilatana ya san darajar faifai, domin shi ne tsakanin ƙwarya da ƙuda. A masana'antar madara ma akwai faifai, sai dai na ƙarfe ne marar tsatsa, kuma a cikin bututu yake zaune. Shi ne bawul ɗin da Turawa suka laƙaba wa sunan malam-buɗe-littafi, saboda yana juyawa a kan sandarsa kamar fiffike. Ban taɓa karanta bayaninsa da ya gamsar da ni ba kamar na littafin Dairy Processing Handbook, wanda Gösta Bylund ya rubuta, kamfanin Tetra Pak ya buga a birnin Lund na Suwidin a 1995.

Littafin ya bi madara tun daga hantsar saniya har cikin kwali, amma sashen bututu da bawul ne ya fi kama ni. An bayyana bawul ɗin dalla-dalla: ɓari biyu iri ɗaya, zoben roba a matse tsakaninsu, faifai a tsakiya. Ka murɗa hannunsa kwata guda, faifan ya tsaya a kaikaice, hanya ta buɗe. Daga nan mai karatu zai gane dalilin da ya sa ake zaɓar sa don yogot. Abu mai kauri in aka matsa shi ta ƙuntatacciyar hanya sai ya tsinke, a nan kuwa salin-alin yake wucewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne marubucin bai yi wa bawul ɗin yabon da ya wuce kima ba. Ya nuna aikinsa buɗewa da rufewa ne kawai, in ana son sauya wa madara hanya sai an haɗa biyu. Inda kuma ruwan sodar wanki zai yi maƙwabtaka da madara, ya gabatar da wani bawul mai marufi biyu, wanda in ɗaya ya yi yoyo sai ruwan ya zuba waje a gani.

Ƙorafina ɗaya ne. An rubuta littafin don masana'antar da ba a ɗauke mata wuta, kayan gyara kuma na kusa. Mai ƙaramar masana'antar yogot a Kano ko Maraɗi zai so a ƙara tsayawa kan zoben robar nan, don shi ke fara gajiya. Robar EPDM, wadda ake yawan yin zoben da ita, tana jure ruwan zafi da soda, amma maiƙo mai yawa na kumbura ta, kuma tsaga ƙarama ta ishi ƙwayoyin cuta maɓoya.

Duk da haka ina roƙon duk mai sarrafa madara ya nemi littafin, yana nan a intanet. Yaron da ya sayi yogot a bakin makaranta ba zai taɓa ganin wannan faifai ba, amma lafiyar cikinsa amana ce a hannun wanda ya zaɓe shi.