Muhammadu Al-Kashinawi: Baiwa Ce ko Naci?

A shekarun da na yi ina koyarwa a yankin Mahuta, na sha ganin malaman zaure suna zana hatimi mai gida tara a kan allo. Ana jera lambobi 1 zuwa 9, ta yadda ko ta wane layi aka bi, tsaye ko kwance ko karkace, jimlar za ta ba da 15. Sai dai ban taɓa jin an ambaci Bakatsinen da ya yi fice a wannan fanni ba, wato Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Kashinawi.

Wannan bawan Allah ya yi karatu a ƙasar Katsina da ƙasar Barno, sannan ya tafi aikin Hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira ta ƙasar Masar. A shekarar 1732 ya rubuta littafin Bahjatul Afaƙ kan ƙa'idojin tsara hatimi. Ya kuma yi rubutu kan manɗiƙi da nahawu da ilmin taurari. Ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar, kuma shi ya bar wa amanar littattafansa.

Inda nake da ja shi ne yadda muke fassara hazaƙar irin waɗannan malamai. Da zarar ilminsu ya gagare mu, sai mu ce baiwa ce ko karama, mu rufe baki. Wannan yabo ne mai kashe gado, domin abin da aka ce daga sama ya faɗo, ba wanda zai yi ƙoƙarin koyonsa. Alhali Al-Kashinawi hanya ya shimfiɗa daki-daki, wadda ɗalibi mai naci zai bi ya cika hatimi mai gida 25 ko 49 da kansa. Gaskiya ne ya haɗa lissafin da asirin haruffa, kamar yadda malaman zamaninsa suka saba, amma ƙa'idar tana nan daram ko an cire asirin.

Abin takaici, tun 1973 Claudia Zaslavsky ta Amurka ta gabatar da aikinsa ga masu nazarin lissafi, mu kuwa laya kawai muka riƙe. Shawarata ga malaman makaranta ita ce su zana gida tara a allon aji, su bar yara su nemo 15 da kansu, sannan su faɗa masu sunansa. Allah Ya jiƙan magabata.