Bajaj Boxer: Shekara Shida Da Dokin Ƙarfena

Ranar da na turo shi daga shagon dila a Fagge, ƙarshen damunar 2019, tuwon dare ma gagarata ci ya yi don murna. Ja ne, sabo fil, ledarsa ba a ɓare ba, tayoyinsa da ɗan gashin nan na roba da kwalta ba ta lasa ba tukuna. Na shigar da shi zaure, na kulle, na kwanta, can cikin dare na sake tashi da tocila na je na duba shi. Kuɗin da na biya a lokacin bai kai naira 300,000 ba. Yau wanda zai fito da sabonsa sai ya tanadi sama da miliyan guda, kuma wallahi da zan sake saye, shi ɗin dai zan nufa ba tare da na tsaya taya wani ba.

Bajaj Boxer nake nufi, ƙaramin, mai inji 100, wanda mutanenmu ke kira Boksa ko kuma Bajaj kawai. Kamfanin da ke ƙera shi na ƙasar Indiya ne, hedikwatarsa tana birnin Pune, kuma Nijeriya na cikin manyan kasuwanninsa a wajen gida. Amma duk wanda ya hau shi a hanyar ƙauye zai rantse cewa wanda ya zana shi ya taɓa tsallake rafi da buhun gero a baya. Sit ɗinsa dogo ne, shimfiɗaɗɗe, babu tudu babu kwari, mutum biyu su zauna a wadace har da ɗan yaro a tsakiya. Shokozobar baya kuwa, sifirin ne a cikin sifirin, ƙarami ya karɓi ƙananan gargada, babba ya jira ramin gaske. Na sha faɗawa ramin da na tabbata ƙuguna zai biya kuɗinsa, sai in ji babur ya haɗiye abin ya wuce kamar ba a yi ba.

Na tashi ina ganin mahaifina da Suzuki mai hayaƙi, irin wanda sai an haɗa masa da man tuti, yana tafe yana barin shuɗin hayaƙi a bayansa, rigarsa kullum da ƙaurin mai. Bayansa Jincheng ta zo ta cika gari da irin wannan inji. Ina girmama waɗancan babura, sun yi wa iyayenmu bauta. Sai dai injin Boxer wani abu ne daban: fetur yana tankinsa, baƙin mai yana ƙasa a mazauninsa, ba sa haɗuwa, shi ya sa ba ya hayaƙi kuma ba ya zuƙar mai. Iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto balle a ce ruwa ya ƙone. Giya huɗu, birkin ganga gaba da baya. Da asubahin hunturu, lokacin da motocin unguwa ke ta tari ana tura su, ni sai in ja cok, in taka kik sau biyu, ya amsa. Wannan amsawar! Sauti ne mai kauri, a natse, dum-dum-dum, ko cikin babura hamsin aka tayar da nawa zan gane shi. Yarana ma sun san shi, tun ina kwanar masallaci suke rugowa buɗe ƙofa.

Ba babur ɗin tsere ba ne, kuma ban saye shi don tsere ba. Wanda ke son ya ga allurar mita ta kwanta, ga manyan injina nan a kasuwa. Nawa ƙarfinsa a ƙasa yake, a giya ta ɗaya da ta biyu, inda ake buƙatarsa idan yashi ya kama taya ko an ɗora buhun masara da jarkar manja za a hau gangare. Duk kaka shi ke kwaso mana rabonmu na amfanin gona daga garinmu, sawu-sawu, bai taɓa durƙusawa ba.

Sai da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 na san cikakkiyar darajarsa. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ma ta zarce 1,000. Abokan aikina masu motoci suka rufe su da tamfal, wasu suka fara tambayata nawa ake sayar da irin nawa. Ni kuwa, a yadda na auna da kaina, lita guda tana kai ni kusan kilomita 50 idan ban matsa masa ba. Na ci gaba da zuwa aiki, na ci gaba da zuwa gaida mahaifiyata duk Asabar, ban rage ko ɗaya ba. Zumuncin mutane da yawa ya yi rauni a wannan shekarar saboda kuɗin mota. Nawa, babur ɗin nan ne ya riƙe shi.

Amma abin da ya fi ɗaure zuciyata da shi, gyaransa ne. Boxer ba ya ɓoye ciwonsa. Idan cen ya saki za ka ji yana kaɗa murfinsa. Idan fulogi ya gaji, zai fara yi maka gardama da safe. Idan kulocinsa ya cinye, ka murɗa totur inji ya yi ƙara amma tafiya ba ta ƙaru ba, ka san inda maganar take. Komai nasa a fili yake, idonka na gani, hannunka na kaiwa. Sifana uku da sukuddireba da filaya sun isa a warware rabinsa. Ni da ban taɓa zama gareji ba, yanzu ina canza fulogi, ina ɗaure cen, ina saita birki a ƙofar gida kafin shayi ya huce.

Wata rana a damunar 2022, ina dawowa daga wani ƙauye bayan Ɗambatta, wayar kuloci ta tsinke mini ana dab da magariba, ga hadari ya haɗo. Na tura shi kamar tafiyar minti goma zuwa wata 'yar rumfa a gindin darbejiya. Wani saurayi ne a wurin, bai fi shekara goma sha takwas ba, yana haɗa kayansa zai tashi. Ya dubi babur ɗin sau ɗaya ya ce, "Baba, zauna ga benci, ai wannan ɗan gida ne." Ya zaro sabuwar waya daga cikin wani tsohon gwangwanin madara, ya zura, ya ɗaure, ya ɗiga mata mai. Kafin ladan ya gama kiran salla na hau. Ɗan gida! Kalmar nan ta zauna mini. Babu garin da za ka shiga, daga nan har Maraɗi, da za ka rasa wanda ya san cikin Boxer kamar tafin hannunsa, ko ka rasa kayansa rataye a shago. Daga Nnewi da Legas ake lodin su zuwa kowace kasuwa ta Arewa: fistin da ringi, cen da sifaket, takalmin birki, kwan fitila. Na ga masu babura masu tsada suna jinyar abin hawansu wata guda a gida suna jiran wani ɗan ƙarfe ya iso. Ban taɓa kwana biyu ba tare da nawa yana tafiya ba.

Wurin da mutum zai yi hattara shi ne jabun kaya. Sau ɗaya na yi arha a wani shago, na sayi cen da sifaket da kwalinsu ya yi kama da na asali, wata biyu haƙoran suka lanƙwashe kamar lauje. Bakanikena na unguwa, dattijo ne da ya fara sana'ar tun zamanin Vespa, ya juya sifaket ɗin a hannunsa ya ce, "Malam, babur ɗinka bai yi maka laifi ba, kai ka ba shi abincin da ba nasa ba." Tun daga ranar tare muke zuwa sayen duk wani abu mai nauyi. Shi ya koya mini ƙa'idar da nake bi har yau: juyen baƙin mai a kan lokaci, lita guda ta mai kyau a cikin galan ɗinta a rufe, ban da na awo da ake tsiyayowa daga durom. Lokacin hunturu a wanke matatar iska duk mako biyu, domin ƙurar nan ita ke cin ringi a ɓoye. A shafa wa cen mai bayan an shiga ruwa. Da wannan kaɗai, shekara shida ba a taɓa buɗe cikin injina ba.

Kwalliya kuma, ai mai doki ba ya barin dokinsa haka nan. Na kai shi wurin mai walda ya ƙara wa kariyar baya faɗi, ya sa mini gadi a gaba mai kare gwiwa da inji idan an faɗi. Mai ɗinkin sit ya lulluɓe shi da baƙar fata mai jan zare a gefe, ta dace da launin tanki ƙwarai. Na sa wurin cajin waya a ƙarƙashin kai, da robar tare taɓo a bayan taya, da igiyar roba ta tsohon tiyub wadda ba ta rabuwa da kariya. Abu biyu ne na ƙi: cire madubi, da fasa salansa don ƙara. Samari na yi, suna ganin gayu ne, ni kuwa ina ganin an ɓata halitta mai kyau. Madubi ido ne. Hular kwano kuma, ko dokar da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilastawa a Janairun 2009 ba ta nan, zan sa ta, saboda na taɓa zuwa dubiya sashen ƙashi na ga abin da kwalta ke yi wa kai.

Abin da kowa ke so, ɓarawo ma yana so, kuma wannan ita ce damuwar mai Boxer ta kullum. Yana da saurin shiga kasuwa, kayansa ma ko an warware su ɗaya-ɗaya kuɗi ne. Makullin wuya kaɗai ba ya tsare shi, ƙwararre zai karya shi cikin ƙiftawar ido. Ni matakai nake jerawa: makullin wuya, ƙaton kwaɗo a ƙafar gaba, sannan wani ɗan maɓalli da mai wayarin ya ɓoye mini a inda ni da shi kaɗai muka sani, wanda idan ba a taɓa shi ba ko za a kwana ana buga kik wuta ba za ta zo ba. Da dare sarƙa ce ke haɗa shi da ƙarfen da na sa aka binne a zaure. Bara na ƙara da na'urar bibiya mai layin waya a ciki. Rasit da takardun lamba suna cikin akwati, lambar inji da ta shasi kuma na rubuta su a wuri biyu. Wata Juma'a na makara, na ajiye shi a wajen igiyar masu gadin babura, ban karɓi kati ba. Da aka sallame na tarar an murɗe makullin wuya, an tura shi har bakin lungu, an yar da shi a jingine da bango. Ɓoyayyen maɓallin nan ne ya hana shi tashi. Na durƙusa a wurin na yi wa Allah godiya, hannuna na rawa a kan tanki. Duk da haka na sha gaya wa ƙannena, idan masu ƙwace suka tare ka da makami, miƙa musu makulli, ana sake sayen babur.

Akwai abin da ke sosa mini rai. Juriyar nan tasa da ke kai malamin makaranta da ma'aikaciyar allurar rigakafi ƙauyen da mota ba ta zuwa, ita ce ta sa miyagun daji su ma suka riƙe shi, har gwamnatocin Zamfara da Katsina suka sa wa zirga-zirgar babura takunkumi a 2021. A Kano ma tun Janairun 2013 aka hana acaɓa a cikin birni, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Na fahimci dalilan, rai ya fi komai. Sai dai ina jin zafi idan aka ambaci sunan babur ɗin nan da tsoro, alhali na san gidaje nawa yake ciyarwa da mata nawa ya kai asibiti cikin dare suna naƙuda.

Mu tara ne a majalisarmu masu irinsa, kuma duk shekara, kwana uku bayan ƙaramar salla, muna fita tare. Muna da asusu da kowa ke zuba wani abu duk wata, daga ciki ake taimaka wa wanda gyara mai nauyi ya same shi. Bana Daura muka nufa. Mun tashi bayan sallar asuba, kowa tankinsa cike, tayoyi sun sha iska tun daren jiya. Tsarinmu ba ya canzawa: mafi shekaru a gaba, shi ke yanke gudu, ba mai wuce shi, bakanikenmu a can baya da jakar sifanu da tiyub biyu da famfo. Ba jerawa kafaɗa da kafaɗa, ba sakin hannu, ba irin gangancin da ake yi a rakiyar ango. Wanda zai tsaya ya ɗaga hannu, duka a tsaya.

Ka ji injin Boxer tara suna tafiya da murya ɗaya a kan hanyar Ɗambatta, rana na fitowa ta hannun dama, iskar safiya na shiga ta wuyan riga! Mun tsaya a Kazaure muka sha fura da nono a gindin duwatsun nan, injina suna hucewa suna ɗan ƙas-ƙas. Taya ɗaya ce ta yi faci a duk tafiyar, kafin mu gama raba goro an like ta. Da hantsi muka shiga Daura, muka jera su a inuwa kusa da rijiyar Kusugu, ja da baƙi da shuɗi, ƙura ta yi musu hoda. Wani dattijo mai sayar da dabino ya taso ya zagaya su, ya tsaya a kan nawa, ya shafa fatar sit ɗin.

"Ɗana, wannan shekararsa nawa?"

Na ce, "Shida, Baba."

Ya girgiza kai ya ce in tayar masa ya ji. Na taka kik sau ɗaya.