Kalma da Nasiha: Sharhi kan Yadda Bincikenmu ya Ɗauki Harshen Direbobin Manyan Motoci (Misalin Dakoro)

1. Gabatarwa

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce mu sake duban wani fanni na Hausar yau da kullum wanda masu nazari suka taɓa ta gefe guda suka bar sauran, wato maganar da direbobin manyan motoci masu dogon zango ke yi tsakaninsu: gargaɗi, shawara da labarin hanya. Za mu duba ayyuka iri uku da suka kusanci wannan fanni, wato nazarin kalmomin aro tare da ƙamusoshi, nazarin tattalin arziki, da kuma waƙar baka, sa'an nan mu auna su da abin da kunne ke ji a tashar Dakoro. Ra'ayinmu shi ne, an tattara sunayen kayan mota da kyau, amma ba a nazarci abin da direba ke yi da harshe ba, alhali a can ne iliminsa yake.

Mun zaɓi Dakoro saboda matsayinta. Garin yana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi. Faransawa suka mai da shi mazaunin hukuma a 1947, kuma yana kusa da kwarin Tarka, yankin da iyakar noma ta arewa, wadda dokar 1961 ta shata, ta ratsa. Wato ke nan mahaɗar manomi da makiyayi ce. Daga kasuwannin yankin motoci ke ɗaukar shanu, tumaki da wake, su gangara Tsibiri da Maraɗi, su ƙetare ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, Katsina, Kano, har kudancin Nijeriya. Direban da ke bin wannan hanya yana aiki ƙarƙashin hukuma biyu, da kuɗi iri biyu, sefa da naira, da takardu cikin harsunan Turai biyu. Hausa ce kaɗai ke bin sa daga farkon tafiya har ƙarshenta.

2. Kalmomin aro: abin da aka samu da abin da aka bari

Claude Gouffé ne ya buɗe hanya a 1971 da maƙalarsa kan kalmomin da Hausar Nijar ta aro daga Faransanci. Daga baya aka sami ƙaramin ƙamus na Abdou Mijinguini (1987) da ƙamus na Bernard Caron da Ahmed Amfani (1997). Albarkacin irin waɗannan ayyuka, babu mai musun cewa Hausar Nijar tana da nata rumbun aro, kuma ɗalibanmu sun saba da jerin tagwayen kalmomi kamar haka: isansi (essence) da fetur, kamiyo (camion) da babbar mota, duwan (douane) da kwastan, farmi (permis) da lasin, aparanti (apprenti) da karen mota. Wannan ci gaba ne, kuma ba mu raina shi ba.

Sai dai muna da ƙorafi biyu. Na farko, yadda muka saba karanta jerin a aji yana sa a ɗauka iyakar ƙasa ita ce iyakar kalma: ta hagu ta Nijar, ta dama ta Nijeriya. Direban Dakoro yana riƙe da duka biyun, yana zaɓe gwargwadon wurin da yake da wanda yake magana da shi. Mutum ɗaya ne zai yi zancen duwan a Ɗan Isa da safe, ya yi zancen kwastan a Jibiya da hantsi. Bugu da ƙari, aron bai rabu bisa ƙasa kaɗai ba, ya rabu bisa fanni. Sunayen sassan mota, kamar birki, giya, taya, kuloci da sitiyari, daga Ingilishi suke, ko a bakin wanda bai taɓa zama Nijeriya ba. Kalmomin takarda da hukuma kuwa, kamar jandarma, duwan da asiransi, daga Faransanci. Muna ganin tarihi ya bayyana dalili. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi ta daɗe tana fita ta can, kayan gyara da makanikai kuma ta can suka shigo. Ƙarfe ya zo daga kudu da sunansa, takarda ta zo daga Yamai da nata. Alamar “Nijar” ko “Nijeriya” a gefen kalma ba ta iya nuna wannan.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Mai neman kalmomin aro yakan tsallake kalmomin asali waɗanda sana'a ta faɗaɗa ma'anarsu, domin ba su da kamannin baƙunta. Mu ɗauki hannu. A bakin direba, hannu shi ne ɓangaren hanyar da doka ta ba shi (riƙe hannunka), shi ne izinin wucewa (ya ba ni hannu), shi ne kuma ƙwarewa (hannunsa ya faɗa). Kafin 2 ga Afrilu 1972, ranar da Nijeriya ta koma tuƙi ta dama, duk wanda ya ƙetare iyaka sai ya sauya hannu, wato kalmar tana ɗauke da batun rai da mutuwa. Haka nan kafewa cikin rairayi, inji ya buga, hanya ta mutu, hanya na cin taya. Akwai kuma kalmomin da direbobi suka gada daga fatake: zango, guzuri, ayari. Paul Lovejoy ya bayyana tsarin ayarin goro da matsayin madugu a littafinsa na 1980. A nan gida ba mu ɗauki wannan zare mun bi shi har cikin tasha ba. A taƙaice, mota baƙuwa ce, amma tafiya ba baƙuwa ba ce, kuma harshen ya nuna haka.

Mu ma mun faɗa cikin wannan kuskure. A zuwanmu na farko mun shiga tasha da takardar tambayoyi, muna nuna sassan mota muna neman sunayensu. Wani dattijon direba ya saurari abin da muka rubuta, ya nuna mana cikin raha cewa duk wannan aparanti ya san shi tun watansa na fari, kuma sanin sa bai taɓa fid da mota daga kwari ba. Daga ranar muka ajiye takardar muka koma sauraro.

3. Nasiha a matsayin nau'in magana

Abin da sauraro ya nuna mana shi ne, shawarar direbobi tana da tsari na nahawu, kuma tsarin yana bin matsayin masu magana. Misalan da ke ƙasa mu muka tsara su bisa abin da kunne ya saba ji, ba zancen mutum ɗaya ba ne. Mun bar wasu alamomin karin harshen yamma, irin su anka, kahin da hito.

(1) Rage giya!
(2) Ka rage giya tun kahin ka kai gangare.
(3) Kak ka shiga rairai da tayoyi cike da iska.
(4) In anka yi ruwa da dare, ba a shiga kwari sai rana ta hito.
(5) Ba a barin dabba ta kwanta cikin mota.
(6) Maigida, kamar tayar baya ta yi sanyi.

Misali na (1) umurni ne kai tsaye. Wurinsa cikin mota ne, lokacin haɗari, daga babba zuwa ƙarami. Na (2) da na (3) suna da wakilin suna ka, sun fi taushi, kuma su ne sifar koyarwa: maigida da yaronsa, ko tsohon hannu da sabon hannu. Na (4) da na (5) su suka fi jan hankalinmu. An yi amfani da lamirin da ba ya nuna mai aiki, wato a, tare da korewa, sai maganar ta tashi daga ra'ayin mutum ta zama dokar sana'a. Da wannan sifa ce direba ke gyara wa tsaransa kuskure ba tare da ya ci masa fuska ba, domin bai ce kai ba. Kuma kowace tana da dalili na zahiri: dabbar da ta kwanta cikin lodi ƴan'uwanta za su tattake ta, asarar kuwa a kan direba za a fara neman ta. Na (6) shi ne hanyar da shawara ke hawa sama. Yaron mota ba ya umurtar maigidansa. Yakan ba da rahoto, ya sa kamar a gaba, ya bar wa babba yanke hukunci ko da shi ya fara ganin matsalar.

Labarin hanya shi ma yana da ma'auninsa. A dubi waɗannan:

(7) Wai an buɗe iyaka.
(8) An ce an buɗe iyaka.
(9) Jiya da la'asar na biyo ta nan, motoci na wucewa.

Duka ukun saƙo ɗaya suke ɗauke da shi, amma ba nauyi ɗaya ba. Wai tana nisanta mai magana daga zancen. An ce ta fi kusa kaɗan. Na (9) kuwa ya haɗa shaidar ido da lokaci. Mai lodin shanu ba zai ta da mota a kan (7) ba, domin kwana biyu a bakin iyaka ba ruwa ba ciyawa ya isa ya rage darajar kayan. Labarin hanya yana tsufa da sauri, shi ya sa tambayar farko a zango ita ce yaushe ka biyo. Wanda aka san shi da mai da wai ta koma na gani, a hankali ake daina tambayar sa. A nan karin maganar da ke cewa matambayi ba ya ɓata tana da sharaɗi: sai ya san wanda ya tambaya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ƙamus zai iya riƙewa, domin ma'auninsa kalma ce, na nasiha kuwa jimla ce cikin muhallinta. Laifin ba na masu ƙamus ba ne, namu ne da muka tsaya inda suka tsaya.

4. Daga ɓangaren mai mota, daga ɓangaren mawaƙi

Littafin Emmanuel Grégoire kan Alhazan Maraɗi (1986) ya kasance madogara ga duk mai son fahimtar kasuwancin wannan yanki. Ya bayyana dangantakar ubangida da bara, da abin da ake kira arzikin mutane, wato yadda ƙarfin ɗan kasuwa ke rataye da yawan waɗanda ke yi masa hidima. Amma tun daga sunansa littafin na alhazai ne. Daga zauren mai dukiya yake kallon hanya. Dangantakar da ya zana tsaye take, daga sama zuwa ƙasa. Wadda muke magana a kanta a kwance take, tsakanin direbobin iyayengiji dabam-dabam, waɗanda watakila iyayengijin nasu abokan gasa ne, amma su suna musayar labarin shinge da na gada kyauta, bisa sanin cewa wanda ka faɗa wa yau shi zai ja ka gobe in ka yi pan a daji.

Ta fuskar adabi, Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya shigar da karen mota cikin waƙar Hausa da kuntiginsa, kuma a wannan ya riga masana lura da ƙananan ma'aikatan hanya. Sai dai waƙa hoton mutum take bayarwa, ba tsarin koyo ba. Zaman karen mota makaranta ce ta shekaru: wankin mota, sa weji, ɗaurin lodi, sauya taya, kafin a ba shi sitiyari a fili. Harshen da ake koyarwa da shi a wannan makaranta shi ne wanda muka nuna a sashe na 3.

5. Dalilin da ya sa batun ya zama na gaggawa

Iyakar Nijeriya ta rufu daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufuwa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'an nan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin takunkumin CEDEAO, har zuwa Maris 2024. A wannan karo na ƙarshe kayan da aka saba ɗaukowa daga Kwatano suka koma ta Lome da Burkina Faso, motoci na tafiya jere da rakiyar soja. Kowane rufi yana tilasta wa direbobi koyon sabuwar hanya cikin ƴan makonni, kuma da baki ake koyon ta. Wayar hannu ta ƙara wa abin sauri: saƙon murya ta WhatsApp ya ɗauki wani ɓangare na aikin hirar zango, ya kuma ƙara wa wai yawa, tun da murya na iya yawo kwanaki bayan labarin ya tsufa.

Dalili na biyu ya shafe mu kai tsaye. A 2025 kundin sake gina ƙasa (Charte de la Refondation) ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk inda aka nufi fassara dokokin hanya, ko ƙa'idar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 kan nauyin lodi, wurin irinmu za a zo neman kalmomi. Idan muka zauna a ofis muka ƙirƙiro, ko muka kwaso daidaitacciyar Hausa ta Kano ɗungurungum, za mu fito da takarda mai tsabta wadda mutanen tasha ba za su ji ta a matsayin tasu ba. Gargaɗin da aka rubuta da sifar (1) ga dattijon da ya shekara talatin a hanya, tsawa zai ji; wanda aka rubuta da sifar (4), nasiha zai ji.

6. Kammalawa

Muna ba da shawara uku. Na farko, ƙamusoshi masu zuwa su nuna fannin amfani da kalma, ba ƙasarta kaɗai ba, su kuma buɗe wa ma'anonin sana'a wuri ƙarƙashin kalmomin asali irin su hannu, ci da mutu. Na biyu, ɗaliban da ke neman batun kundi su naɗi hirar zango yadda take, da yardar masu ita, ba tare da sunayensu ba, domin zancen shinge da na goro yana iya jawo wa mutum wahala. Dakoro, Maraɗi da Jibiya za su ba da damar kwatance mai kyau. Na uku, duk kwamitin da zai tsara kalmomin sufuri ya zauna da direbobi da ƴan kamasho tun farkon aiki, ba sai an gama a kai musu su sa albarka ba. Muna fata abokan aiki na sashen zamantakewa da na tarihi za su gyara mana inda muka yi tuntuɓe, musamman kan alaƙar ayari da tasha, wadda muka taɓa kawai a nan.