Injin hoto ya zo, wa zai buga abin da ba a biya ba?

Daga Tasawa zuwa Mayayi, babu bikin da za a yi yanzu ba a ɗaura ƙatuwar leda mai hoto a bango ba. Ango da amarya, alhajin da ya sauka daga Makka, ɗan kasuwar da ya buɗe sabon shago, kowa da fuskarsa tana ƙyalli. A lokacin zaɓen 2020 kuwa har itatuwan bakin hanya sun sha nauyi. A birni ake bugo waɗannan ledojin, Maraɗi ko Kano, da injin da ke fesa kala daga kwamfuta. Suna da kyau, ban musa ba. Amma ni dai ina ganin mun yi asarar wani abu, kuma ba kyan zane nake nufi ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai buga riga da hannu ya san aikin. Katako huɗu ne a haɗe, an ɗame su da yadi mai ƙananan ramuka. Ya ɗauki reza ya yanke haruffa a jikin takarda mai kauri, wani ma tsohon hoton ƙirji na asibiti yake samowa don ya fi jure wanki. Ya shimfiɗa riga, ya zuba fenti a gefe, ya ja da roba sau ɗaya da ƙarfi, ya ɗaga. Sai a shanya a igiya. Haka samarin fada, wato majalisar hira da shayi ta unguwa, suke samun rigunan da ke ɗauke da sunan fadarsu, haka ƙungiyar ƙwallon unguwa. Ba ya buƙatar lantarki, kayansa duka suna shiga buhu ɗaya, kuma babu wanda zai duba rubutun kafin ya fita.

Wannan na ƙarshe shi ne maganar. A Gaborone ta Botswana, daga 1979, ƴan gudun hijirar Afirka ta Kudu sun kafa ƙungiyar Medu, masu zane da makaɗa a inuwa ɗaya, cikinsu har da mai busa Jonas Gwangwa. Da irin wannan katako da yadi suke buga fastocin adawa da wariyar launin fata, a tsallaka da su iyaka a ɓoye. Gwamnatin Pretoria ba ta ɗauki abin wasa ba. Ranar 14 ga Yunin 1985 sojojinta suka kai hari Gaborone, suka kashe mutum 12, har da mai zane Thami Mnyele.

Waƙa ma ta bi wannan hanya a ƙasarmu Nijar da maƙwabciyarmu Najeriya. A farkon shekarun 1990, lokacin tawayen arewa, kaset ɗin Abdallah Oumbadougou haramtacce ne, amma hannu da hannu ya zaga hamada. A Kano, da Hukumar Tace Fina-finai ta matsa wa mawaƙa, har aka tsare Aminu Ala a 2009, waƙar Ziriums mai suna "Girgiza Kai" ta Bluetooth ta yawata daga waya zuwa waya. Su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya, da suka raya rap a Yamai, sun yi suna ne da faɗa wa manya abin da ba su son ji. Ko can baya, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya tsaya ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba shi da abin ba maroƙi.

Kada a ce ina ƙyamar waƙar yabo. Gadonmu ce, fadar sarkin Tasawa ma da makaɗanta, kuma mawaƙi ba iska yake ci ba. Abin da ke damuna shi ne yadda kayan aikin kansu suka koma hannun mai kuɗi. Injin leda na miliyoyi ne, mai shi yana da haya da haraji da manyan masu ba shi aiki, ba zai yarda ya buga abin da zai ɓata masa ciniki ba, kuma ban ga laifinsa ba. Yaron da ke rera waƙa a TikTok kuma da fuskarsa da lambarsa yake yi, a dandalin da ba nasa ba, inda abin da ya fi tara masu kallo shi ake turawa gaba. Sai ya lura habaici da rawa da kirarin wani alhaji sun fi tafiya, ya bi. Kowa ya samu murya, amma bakin ya zama ɗaya.

Ga shi kuwa abin faɗa bai ƙare mana ba. A nan yankin ne ayarin sojan Faransa na kaftin Voulet da Chanoine ya ƙare a Yulin 1899, bayan ɓarnar da ya yi a Birnin Ƙonni da Koran Kalgo. A Dankori aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya dakatar da su, kaburburan kaftin ɗin biyu suna Maijirgi. Sai da aka zo daga Ingila aka yi fim, African Apocalypse na 2020, kafin duniya ta sake jin labarin daga bakin jikokin waɗanda abin ya shafa. Ga rikicin gona da burtali, ga samarin da ke tafiya Libiya da Aljeriya, ga bashin hatsi da ake ci da bazara a biya ninki da kaka. Babu mai ɗaukar nauyin ledar waɗannan.

Shi ya sa nake ganin fadar da ke iya tara kuɗin shayi da sukari kullum tana iya tara na katako da yadi da gwangwanin fenti, ta je wurin tsohon mai buga riga tun yana da ƙarfin jan roba, ta biya shi ya koya wa yara biyu. Mai waƙar cikinsu ya rubuta kalmomin, mai hannu ya yanka, a buga riga ashirin a saka ranar kasuwa.