Azzalumin Sarki Kullum a Nesa Yake

Masu sayar da littattafai a Kano suna kiransu littattafan yaƙi, don a bambanta su da na soyayya, ko da yake da wuya ka sami na yaƙin da babu gimbiya a ciki. Zubinsu sananne ne. Akwai sarki mai bautar gunki da ya addabi talakawansa, da boka a kogon dutse yana duba masa, da yaron da aka kashe ubansa ya tashi a daji bai san asalinsa ba. Sai ranar gumurzu: sadauki ya zare takobi ya yi kirari, a kacame da sara da suka, ƙura ta turnuƙe, takubba na tartsatsin wuta, har rana ta faɗi babu wanda ya lakuci jikin wani. Daidai nan marubucin zai ce a tara a littafi na biyu. Matashin da ke zaune a teburin mai shayi a Kachalla Sembe, cikin Jalingo, ba ya ma buƙatar takarda yanzu. A waya ake karanta masa, ko ya je wurin masu tura fina-finai a zuba masa fassarar Bahubali, wanda shi ma ƙashin bayansa ke nan: sarautar da aka ƙwace, amintaccen da ya soki ubangidansa ta baya, ɗa ya dawo ɗaukar fansa.

Tushen ya girmi boko. Labarin Bayajida yana da duk kayan haɗin: baƙo daga Bagadaza, surukinsa Mai na Borno ya raba shi da dakarunsa ta hanyar dabara, ya gudu da matarsa ya bar ta a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa makami, ya iso Daura. Amma dubi wanda aka ɗora wa zaluncin. Macijiya ce a rijiyar Kusugu, mai hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Ita aka sare wa kai. Mai na Borno, wanda ya ci amanar, babu abin da ya same shi, fadar Daura kuwa jarumin bai rushe ta ba, aure ya yi ya shige ciki.

Wannan kaucewar ta biyo labarin har cikin ɗab'i. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Bello Kagara ya kawo Ganɗoki, aka buga shi a 1934. Farkonsa tarihi ne da ɗuminsa, domin jarumin yana cikin mutanen Sarkin Sudan na Kwantagora, garin da Turawa suka ci a 1901, kuma da Turawan yake gwabzawa. To amma hukumar da za ta buga littafin ta Turawan ce. Da bindiga ta fi ƙarfin takobi, sai marubucin ya kwashe Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare ya kai su gabas mai nisa, ƙasashen aljanu da matsafa, inda za su ci yaƙi son ransu ba tare da ran wani Razdan ya ɓaci ba. A ganina, hanyar da Bello Kagara ya share ke nan, kuma har yau a kanta ake tafiya.

Dabara ta biyu ita ce waziri. A Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, Sarki Abdurrahman mutumin kirki ne, Waziri ne ya haɗa baki da Sarkin Sinari. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951 kuma asalinsa labarin wani gwarzon Rasha ne, ya fi nuna abin a fili. Iliya ya yi wa Sarki Waldima na birnin Kib bauta da takobinsa, sakayyarsa ita ce kurkuku. Da abokan gaba suka taso aka fito da shi, sai ya sake hawa doki ya kare birnin. Mutumin da zai iya tarwatsa runduna shi kaɗai bai taɓa tunanin kawar da gadon sarautar da ya wulakanta shi ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma a waɗannan labaran tudun fadawa ake hangowa, na sarki a taka shi a wuce.

Marubutan kasuwar Kano na baya-bayan nan, irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sun ƙara ƙarfin hali, sarkinsu azzalumi ne da kansa kuma ana kashe shi. Sun kuma ba mace takobi, ta daina zaman jiran wanda zai cece ta, wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai sharaɗin yana nan: birnin ƙagagge ne, sunayen na Larabci ne ko masu kama da shi, zamanin na jahiliyya ne, sarkin kuma kafiri. Idan aka kashe shi, wanda zai hau gadon kusan kullum sai a tarar ɗan sarkin asali ne da aka ɓoye. Talakan birnin aikinsa guɗa da jinjina.

Ba rashin abin rubutawa ba ne. Yunfa na Gobir da jama'ar Shehu sun haɗu a Tabkin Kwatto a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Basasar Kano tsakanin Tukur da Yusufawa ta ɓarke a 1893, 'yan gida ɗaya suna yanka juna. Mutanen Satiru sun tayar wa Turawa a 1906, aka shafe garin. Jalingo kanta daga sansanin yaƙi ta tashi. Garin Kona na Jukunawa ya daɗe yana gagarar Sarkin Muri Muhammadu Nya, har wani hafsan Faransa, Louis Mizon, ya biyo Binuwai ya ba shi gudummawar igwa a ƙarshen 1892. Garin ya faɗi, aka kama mutanensa bayi, Nya ya kafa zama a Jalingo a 1893. Ga tirjiya, ga baƙo mai son zuciya, ga makamin da ya karya lissafin mazaje. Marubucin da ya ɗauki wannan dole ya faɗi wane ne azzalumi, wane ne jarumi, alhali jikokin masu igwar da jikokin waɗanda aka harba suna cin kasuwa ɗaya a Jalingo, kuma da Hausar da zai yi rubutun suke ciniki.